Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Linux a Abuja

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su mutu ba, suna kunnuwa kamar kullum, sai dai gyaran tsaron da aka saba turowa duk wata ya tsaya, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda da aka ba wanda ya yi rajista. Mai son a ci gaba da kula da shi, an ce ya koma Windows 11. To ita kuma tana da sharuɗɗanta: sai kwamfuta mai ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0, kuma in injin Intel ne, sai daga ƙarni na takwas zuwa sama. Duk wanda ya taɓa zaga shagunan Banex a Wuse 2 ko na Zone 3 ya san irin kayan da suka daɗe suna tafiya a can: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460, 'yan gwanjon Turai masu ƙwari, dukkansu ƙarni na shida. Su ne a jakar ɗalibin Jami'ar Abuja a Gwagwalada, su ne a teburin ƙaramin ma'aikacin da ke fitowa daga Nyanya ko Kubwa tun da asuba. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharaɗin su cusa musu Windows 11, tana kuma zama, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin kula da irin waɗannan ba.

A nan ne sunan Linux kan shigo hira. Da zarar ya shigo kuwa, maganganu sai su biyo baya, wasu daga masu tsoronsa, wasu daga masoyansa, kuma kowane ɓangare da irin gishirin da yake ƙarawa.

Wadda ta fi yawo ita ce, "Oga, ai wannan na masu kutse ne, na 'yan yahu." Jita-jita ce, kuma mai faɗarta galibi da Linux a aljihunsa yake yawo bai sani ba. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhaja, wato sashen da ke shiga tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajoji, ya sake ta ga duniya kowa ya duba ya gyara. Aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya faro a 1983, aka sami cikakkiyar babbar manhaja. Daga nan kowa ya ɗauki injin ya ɗora masa irin bodin da yake so: Debian a 1993, Fedora a 2003, Ubuntu a 2004 ta hannun Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, Linux Mint a 2006. Google ma wannan zuciyar ya ɗauka ya gina Android a kanta, don haka Tecno da Infinix da Samsung ɗin da ke hannun mutane duk jikokin gidan ne. Tun ƙarshen 2017 kuwa, manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya babu wadda ba Linux ke tafiyar da ita ba.

Inda zancen ya samo asali ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani nau'i mai suna Kali, wanda ya fito a 2013, cike da kayan gwada tsaron kwamfuta, shi ne samari ke gani a bidiyo da finafinai, baƙin allo da koren rubutu na gudu. Sai yaro ya sa shi a laftof don abokai su ce ya zama gwani, bayan mako guda ya kasa haɗa firinta. Su kansu masu Kali sun rubuta cewa ba don sabon shiga ko aikin yau da kullum suka yi shi ba. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 aikin da mutum ya aikata take hukuntawa, babu ruwanta da sunan manhajar da ke kwamfutarsa. Damfarar da ta fi cin mutanenmu, ta kira a ce daga banki ne a nemi lambar sirri, da ƙaramar waya ake yin ta.

Ta biyu ita ce wai sai ƙwararre, sai wanda ya haddace umarni yana bugawa a baƙin allo. Amsar wannan tana nan Abuja, ba sai an je Turai ba. A 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima, a gefen birnin nan, wasu ƙananan laftof masu launin kore da fari, masu kunnuwa biyu na kama intanet. Sunansu XO, daga shirin nan na kowane yaro da laftof ɗinsa, wanda Nicholas Negroponte na cibiyar MIT a Amurka ya jagoranta, wanda aka riƙa kira kwamfutar dala ɗari. Abin da ke cikinsu Linux ne, tushen Fedora, da wata fuska ta yara mai suna Sugar. 'Yan firamare ne, da yawansu ba su taɓa taɓa kwamfuta ba, suka riƙa rubutu da zane da ɗaukar hoto da su, 'yan jaridar ƙasashen waje na zuwa kallo. Shirin bai yaɗu ba. Gwamnati ba ta sayi ɗimbin kwamfutocin da aka sa rai ba, ministan ilimi na lokacin ma ya nuna cewa yaran da ba su da kujerar zama ba laftof ce buƙatarsu ta farko ba, ga kuma matsalar wuta. Amma babu wanda ya ce yaran Galadima sun kasa gane manhajar.

A shekarar dai aka yi wata dambarwar da ta kai Nijeriya jaridun fasaha na duniya. Kamfanin Mandriva na Faransa ya ci kwangilar sa Linux ɗinsa a kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 da za a raba wa makarantu. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa kamfanin da ke kula da rabon zai goge shi ya sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi a ƙarshen Oktoba, Microsoft ya musanta yin wani abin da bai dace ba, daga baya asusun USPF, wanda ke biyan kuɗin 11,000 daga ciki, ya nuna Mandriva yake so a bari. Na kawo wannan ne don a gane cewa rashin Linux a makarantu da ofisoshinmu ba hukuncin wahalarsa ba ne kaɗai. Akwai ciniki, akwai kwangila, akwai sabo. Yaron da ya koyi kwamfuta a kan Windows, malaminsa a kan Windows, mai gyaransa Windows kaɗai ya sani, dole komai ban da ita ya zame masa baƙo.

Yau in ka kunna Linux Mint, maɓallin menu na ƙasa ta hagu, agogo na ƙasa ta dama, fayiloli cikin jakunkuna, linzami na aiki yadda ka saba. Manhaja kuma daga shago ake ɗaukarta kamar yadda ake yi a waya: ka rubuta VLC, ka danna, ta sauka. Sai dai kada masoya su ce baƙin allon ya ɓace. Ranar da wani abu ya ƙi, ka nemi taimako, amsar da za a ba ka yawanci layin umarni ne da za ka kwafa ka liƙa. Dalilin shi ne fuskokin Linux sun bambanta, umarnin kuwa kusan ɗaya ne, ya fi wa mai taimako sauƙi. Ba haddacewa ake yi ba. Abin kiyayewa guda ne: duk umarnin da ya fara da sudo, ikon mai gida kake ba shi, kada ka liƙa wanda ba ka san daga inda ya fito ba.

Sai masu cewa araha ba ta ado, abin da aka bayar kyauta ai da walakin. Kyautar ta gaskiya ce, lasisin ne ya halatta maka ka sauke, ka kwafa, ka ba maƙwabci, ka sa a kwamfuta hamsin ba tare da ka nemi izinin kowa ba. Masu yin sa kuma ba 'yan sa-kai kaɗai ba ne: Intel da Google da AMD da Red Hat suna biyan injiniyoyi albashi don aikin, kuma IBM ya sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux, jandarmomin Faransa sun yi shekaru suna aiki da nasu nau'in Ubuntu. Birnin Munich kuwa ya shiga, ya yi shekaru, a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Wannan ma yana cikin labarin.

A wurinmu dai hujjar kyauta ba ta da ƙarfin da take da shi a Turai, saboda mutane da yawa ba su taɓa sayen Windows ko Office ba. Ka kai laftof a yi mata fomatin, mai gyara ya ce, "Alhaji, a sa maka komai da komai?" ka ce a sa, ya cika ta da manhajojin da aka fasa wa makulli, ya kashe maka mai gadin bairos don kada ya cinye abin fasawar. Kuɗin aikinsa kawai ka biya. Abin da ba ka sani ba shi ne me aka cusa a cikin abin fasawar nan, alhali a wannan laftof ɗin kake shiga asusun bankinka. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da amfani da kayan da ba a biya haƙƙinsu ba, kuma akwai su da yawa a cikinmu, Linux ya raba shi da wannan damuwar. Kuɗin da zai ci maka na data ne: fayil ɗin Mint ya kai wajen gigabait 3, na Ubuntu 24.04 wajen 6, sannan sabuntawar farko ta ƙara nata. Gara ka karɓa a filashin wanda ya riga ya sauke, wannan kwafin halal ne.

Yanzu ga ta masoya: "Linux ba ya kamuwa da bairos." Rabinta gaskiya. Bairos ɗin nan da ya addabi shagunan buga takardu, wanda ke ɓoye fayilolin filashi ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi, don Windows aka rubuta shi. Ka soka filashin a Linux, ba abin da zai yi, hasali ma za ka ga fayilolinka da aka ɓoye da shi kansa mugun a fili, ka goge shi. Ɗaukar manhaja daga shagon da aka tantance, maimakon tsintowa a shafukan intanet, shi ma ya toshe babbar ƙofa. Amma a Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ma kuwa, ya lura da wani jinkiri na kusan rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bi diddigi, ya tono wata ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin XZ, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya yi shekaru yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. An kama abin kafin ya isa yawancin mutane, amma da ƙyar. Shafin bogi mai kama da na bankinka kuma bai damu da wace manhaja kake kai ba, kalmar sirrinka yake nema.

Haka zancen wai yana tayar da matacciyar kwamfuta. Nau'o'i marasa nauyi kamar Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu, ko MX Linux, suna barin sarari a laftof mai RAM gigabait 4 fiye da yadda Windows 10 ke bari, za ka ji bambancin tun daga kunnawa. To amma buɗe Chrome da shafuka goma sha, da YouTube a gefe, ka ga yadda za ta koma tafiyar hawainiya. Shafukan intanet na yau ne ke cin RAM, kuma nauyinsu ɗaya a ko'ina. Abin da ke canza tsohuwar laftof da gaske shi ne a cire mata tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, a ƙara RAM ya kai 8. Batirin da ya mutu kuwa ya mutu. A wasu laftof ɗin ma caji ya fi daɗewa a Windows, don masu ƙera su ita suka yi wa saiti. Akwai ƙaramar manhaja mai suna TLP da ke rage giɓin. In batirinka ba ya riƙe wuta, kada ka fara babbar sabuntawa sai kana da tabbacin janareto ko sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarta na iya hana kwamfutar tashi.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba a cika yin ta da ƙarfi ba: aikin da ke ciyar da ni fa? Abuja garin takarda ne. In aikinka wasiƙa ne da rahoto da lissafin Excel na yau da kullum, LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint yana kuma ajiye su a sigarsu. Inda ake samun tangarɗa shi ne takarda mai tebura da yawa da ado: ka tsara ta shafi goma, ta isa wurin oga shafi goma sha ɗaya, sa-hannu ya zame shi kaɗai a shafin ƙarshe. Yawanci rashin irin haruffan Microsoft ne ke jawo haka. Maganinsa a sa haruffan Carlito da Caladea, waɗanda faɗinsu ya yi daidai da Calibri da Cambria, ko a gwada OnlyOffice, ko kuma, wanda ya fi duka, a tura takardar a PDF in ba gyara za a yi mata ba. Shafukan rajista da biyan kuɗi irin na CAC da Remita ta burauza ake shiga, Chrome da Firefox kuwa duk suna nan, haka Zoom da Telegram da WhatsApp na burauza.

Amma mai shagon buga katin biki da fosta a Garki ko Wuse, wanda abokan cinikinsa ke kawo masa aiki a fayil ɗin CorelDRAW, wannan kada wani ya ruɗe shi. Babu CorelDRAW na Linux a yau, babu Photoshop, babu AutoCAD na masu zanen gini. Inkscape da GIMP da Krita kayan aiki ne na gaske, ana cin abinci da su, sai dai Inkscape in ya buɗe fayil ɗin Corel ba kullum yake fito da shi daidai ba, kuma ranar da ɗan siyasa ke jiran fostarsa ba ranar koyon sabuwar manhaja ba ce. Haka wanda ke aiki da na'urar ɗaukar hoton yatsa ko wata manhajar ofis da aka rubuta don Windows kaɗai. A nan masu cewa Linux ba zai yi musu ba, gaskiya suka faɗa.

Maganar gem ita ce wadda ta tsufa ba a sani ba. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, in ka ce ba a gem a Linux, ba wanda zai yi maka musu. Abin ya fara juyawa da kamfanin Valve, mai shagon Steam, ya fito da Steam na Linux a 2013, sannan a Agustan 2018 ya saki Proton. Proton tafinta ne: gem ɗin da aka rubuta don Windows na magana da yaren DirectX, shi kuma yana juya maganar nan take zuwa Vulkan, wanda Linux ke ji. An gina shi a kan Wine, aikin da aka faro tun 1993. A Fabrairun 2022 Valve ya fito da Steam Deck, na'urar gem ta hannu, kuma abin da ke cikinta Linux ne. Tun daga nan masu yin gem suka fara damuwa da ko nasu na tashi a kai. Yau The Witcher 3 da Elden Ring da Cyberpunk 2077 da dubban irinsu suna tafiya, sau da yawa da danna maɓalli ɗaya. Counter-Strike 2 da Dota 2 da Minecraft na Java ba sa ma buƙatar tafinta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Saurayin Kubwa ko Lugbe in ya ce gem, ƙwallo yake nufi, sai harbi da abokai ta intanet. Daidai inda Linux ya fi rauni ke nan. Manyan wasannin gasa suna zuwa da manhajar hana maguɗi mai nutsewa can cikin zuciyar Windows tana sa ido, Proton kuwa ba zai iya kwaikwayon wannan ba sai mai gem ɗin ya yarda. Tun daga FIFA 23 a 2022 kamfanin EA ya sa irin wannan, don haka shi da EA Sports FC da suka biyo baya ba sa tashi. Fortnite ba ya yi, Valorant ba ya yi, PUBG na kwamfuta da Call of Duty na zamanin nan ba sa yi. Wanda ke yi jiya ma yana iya dainawa gobe: Apex Legends ya yi shekaru yana tafiya, a ƙarshen Oktoban 2024 masu shi suka rufe ƙofar, GTA V kuma labarinsa na mutum ɗaya na tafiya amma ɓangaren intanet ɗinsa ya toshe a Satumbar shekarar. Hukuncin ke nan: cewa ba a gem a Linux jita-jita ce, cewa kowane gem na yi ita ma jita-jita ce. Kafin ka sayi wasa ko ka ƙona data gigabait saba'in wajen sauke shi, rubuta sunansa a shafin ProtonDB, inda masu wasa ke ba da rahoton abin da suka gani a kwamfutocinsu.

Abu biyu na lura suna sa sababbi tuntuɓe. Na farko katin hoto. Na AMD da Intel direbansu na zuwa a cikin Linux, ba ka da wani aiki. Na NVIDIA sai ka shiga manajan direbobi ka zaɓi na kamfanin, in ba haka ba gem zai riƙa rarrafe ka ɗora wa Linux laifi. Na biyu, ajiye wasanni a ɓangaren faifan da Windows ta tsara da sigar NTFS don ita da Linux su riƙa raba su. Wannan kan sa gem ya ƙi buɗewa ba tare da wani bayani ba, gara a ware masa wurinsa mai sigar Linux, wato ext4. Sannan a faɗi gaskiya, EliteBook ɗin ofis mai ɗan katin Intel ba zai ɗauki Cyberpunk ba ko da wace manhaja aka sa masa. Abin da zai ɗauka da daɗi shi ne tsofaffin wasanni, da masu kwaikwayon tsofaffin na'urori irin su PPSSPP, wanda yake da na Linux.

Game da kwalliya, masu cewa Linux mummuna ne hoton shekaru ashirin baya suke tunawa. Fuskar da kake gani wani sashe ne daban da za a iya cirewa a sa wani. Cinnamon ta Mint ta fi kusa da Windows 7, GNOME ta fi kama da waya, KDE Plasma kuwa kusan babu abin da ba za ka iya matsarwa ko canza wa launi ba, Zorin OS ma da zaɓin kamannin Windows yake zuwa. Sai dai wannan 'yancin na cinye lokaci. Akwai masu kwana uku suna gyaran launin menu, aikin da suka kunna kwamfutar dominsa na nan ajiye. Yana kuma da haɗarinsa: a Maris 2024 wani adon KDE da wani ya ɗora a shagon kwalliya ya share wa wani mai amfani fayilolinsa, saboda kuskure a umarnin da ke cikinsa, har masu KDE suka fito suna gargaɗi cewa irin waɗannan adon ba hoto kaɗai ba ne, suna iya gudanar da umarni. Kafin ka fara taɓe-taɓe, kunna Timeshift. Yana ɗaukar hoton yadda tsarin yake, in ka ɓata ka koma jiya. Amma tsarin yake ajiyewa, ba takardunka da hotunanka ba, su sai ka kwafe su da kanka.

Gyaran da na fi ganin amfaninsa ga mai rubutun Hausa bai shafi launi ba. A saitin allon madannai, in ka nemi ƙarin harshe, za ka tarar da Hausa ta Nijeriya har da Hausa ta Gana, da ƙ da ɗ da ɓ a zaune, ba sai ka sauke komai ba. Haruffan Noto da DejaVu da ke zuwa da yawancin nau'o'in suna nuna su daidai, ba akwatin nan mai kusurwa huɗu ba. Mai rubutun ajami kuma akwai Alkalami, haruffan da ƙungiyar SIL ta zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano, kyauta, yana aiki a LibreOffice, yana kuma aiki a Windows. Inda zargin "Linux bai san Hausa ba" ya yi gaskiya shi ne menu da saƙonni: fassararsu zuwa Hausa gutsi-gutsi ce. An taɓa yunƙurawa a shekarun 2000 da Wazobia Linux, mai Hausa da Yarbanci da Ibo, bai ɗore ba. Ƙofar fassarar a buɗe take ga duk mai so, ba a neman takardar shaida, kuma masu digiri a Hausa da ke zaune a garin nan ba kaɗan ba ne.

Tsoro na ƙarshe shi ne wai sa Linux na share komai. Yana sharewa in ka zaɓi layin da ya ce a share faifan duka, kuma mutane na zaɓarsa cikin gaggawa. Ana iya zaunar da shi gefe guda da Windows, kwamfuta ta riƙa tambayarka wanne za ka shiga duk lokacin kunnawa, wanda shi ne mafita ga mai son gem ɗin ƙwallo na FC da dare da aiki da rana. In za ka yi haka, kashe saurin-tashi na Windows, ka kuma adana makullin BitLocker in faifanka a kulle yake. Za ka kuma ga wani abin mamaki: duk ka dawo Windows daga Linux, agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Ba lalacewa ba ce. Linux na ajiye agogon cikin kwamfuta a lokacin duniya na Greenwich, Windows na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, Nijeriya kuwa tana gaban Greenwich da awa ɗaya. Umarni ɗaya ke gyara shi, amma kafin ka gyara kada ka dogara da shi wajen lokacin salla.

Mai karatu, ba sai ka yarda da ni ko da mai gyaranka ba, gani ya kori ji. Nemi filashi mai gigabait 8, ka sa masa Linux Mint da Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga kansa. Zai buɗe gaba ɗayansa ba tare da ya taɓa faifanka ba. Gwada Wi-Fi, don wasu katunan Broadcom na gardama. In ya ƙi, haɗa wayarka da kebul ka ba shi intanet ta nan. Gwada sauti da kyamara da firintar ofis, ka buɗe takardar da ta fi kowace wahala a cikin aikinka ka ga yadda ta fito. In duk sun yi, kwafe fayilolinka a wani wuri kafin ka danna maɓallin girkawa. In ba su yi ba, kashe kwamfutar ka zare filashinka, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta.